In Mota Mai Ogzilari Tana Jijjiga Da An Taka Totur: Yadda Ake Bin Sawun Ciwon Mataki-Mataki

Tun da damina ta ja baya tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu Hilux da Prado da Land Cruiser, har da masu Highlander: "Malam, motata lafiya lau take, amma da na taka totur sai ta kama jijjiga, in na ɗaga ƙafa ta yi lif. Mene ne?" Na amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya har na ga gara in zauna in rubuta yadda nake bi in irin wannan mota ta shigo garejinmu a nan Katsina.

Abin da ya ƙara zaburar da ni wani dattijo ne da ya zo daga Daura da Hilux. Ya sayi tayu huɗu sababbi, an yi masa balansin sau biyu, an yi alaimen, daga ƙarshe aka ce masa giyabos ne, ya je ya nemo kuɗi. Na ce, "Alhaji, kafin mu taɓa komai, ba ni makulli mu ɗan zaga." Da muka dawo na shiga ƙarƙashi da tocila, sai ga jan gari kamar dakakken barkono ya zagaye kofin kuros na baya. Kuros shi ne ƙarfen nan mai hannu huɗu, kowanne da kofinsa, da ke ba furofela damar lanƙwasawa, ita kuma furofela ita ce dogon bututun ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil. Kuros ɗaya ne ya bushe ya ƙage. Ya dafa motar ya yi shiru, can ya ce, "To, tayun nan fa da na saya?" Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin taya ɗaya a cikinsu ya isa a sayi kuros ɗin har a biya mai ɗaurawa.

Saboda haka ka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake. Yawancinsu ba su cin komai sai ɗan man da za ka ƙona da kuma lokacinka.

Abin da za ka tanada

Jak mai lafiya da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko kuma ka samu rami. Waigi guda biyu aƙalla. Tocila, liba ta banƙara, sifanu (a Toyota mai lamba 14 ce za ka fi ɗauka), alli ko ɗan fenti, gejin auna iska, famfon giris, da takarda da biro. Sai mutum na biyu, don akwai gwajin da ba ya yiwuwa kai kaɗai.

1. San irin motarka, ka tuna ranar da abin ya fara

Motocin da muke kira masu ogzilari, wato masu iya ja da ƙafa huɗu, iri uku ne, kuma inda ake zargi a kowace daban. Akwai mai jan baya kawai sai ka sa mata ogzilari da kanka, wadda za ka ga 2H (jan baya kawai) da 4H (jan ƙafa huɗu) da 4L (jan ƙafa huɗu mai ƙarfi a hankali) a jikin liba ko maɓalli: Hilux, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, Ford Ranger. Akwai wadda ƙafafunta huɗu ke ja kullum, irin su Prado da yawancin manyan Land Cruiser da Lexus GX. Sai masu inji a gicciye kamar ƙaramar mota, wato Highlander da RAV4 da Lexus RX.

Gargaɗi ga masu nau'in farko: ba a tafiya da 4H a kan busasshiyar kwalta. Babu abin da ke raba juyin gaba da na baya a cikin ogzilarinta, wato akwatin da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, sai ƙarfe ya riƙa murɗe ƙarfe, mota ta yi ta ƙugi tana tsalle a kwana. Mutum ya fito daga yashin ƙauyukan Mai'adua ko Zango ya hau titi ya manta bai cire ba, washegari ya ce mota ta lalace. Duba wannan tukuna. In ka mayar da ita 2H fitilar ta ƙi mutuwa, yi ribas miƙe na 'yan mitoci, za ta saki.

Sannan ka tambayi kanka: bayan me abin ya fara? Bayan an sauya kuloci? To an kwance furofela ke nan, mai yiwuwa ba a mayar da ita yadda take ba. Bayan an ƙara ganyen sifirin? Bayan ka ƙetare rafi, ko ƙasan mota ya daki kututture? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma amsar nan takan rage rabin aiki.

2. Gwajin hanya

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne aka fi yin ha'inci, a ji ƙorafi a baki kawai a hau kwance-kwance. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta mai santsi da rana tsaka, inda babu cunkoso. Ni nakan bi hanyar Daura in juyo kafin Mashi. Kashe rediyo da na'urar sanyi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da hawa mai tsawo, don haka in jijjigar ba ta fita sosai sai da nauyi, ɗora buhu huɗu ko biyar a baya. Na biyun ya riƙe takarda.

Da farko tashi daga tsaye a hankali kana ƙara wuta. A rubuta malejin da jijjiga ta fara, da inda ta fi tsanani, da inda ta ɓace, tare da inda allurar juyin inji take a lokacin. Ka maimaita da ƙafa mai nauyi.

Na biyu, kana tsakiyar jijjigar, ɗaga ƙafa ɗungurungum. In ta ɗauke nan take kamar an yi ruwa an ɗauke, abin da ke ɗauke da ƙarfin inji ne ke da ciwo: kuros, senta boris (boris ɗin da ke riƙe tsakiyar furofela), joyin na ciki na shaf ɗin gaba (sandar da ke juya tayar gaba), ko sitin inji (robar da inji ke zaune a kai). In ta ci gaba yadda take, to wani abu ne mai juyawa ba daidai ba, taya ko lanƙwasasshiyar furofela.

Na uku, wuce wannan gudun kaɗan, sa ta a firi, ka bar ta ta gangaro ta ratsa shi da kanta. Kada ka kuskura ka kashe inji a nan, sitiyari zai yi tauri birki ya ƙi kamawa. Mai otomatik kuma ya lura da hannunsa, don R tana maƙwabtaka da N, kuma kada ya daɗe a haka.

Na huɗu, riƙe gudu ɗaya ka sauya giya, misali 60 a giya ta uku, sannan 60 a ta huɗu. In jijjigar tana bin allurar inji duk giyar da ka sa, nemi ciwon a inji ko sitinsa. In tana bin maleji ba ruwanta da giya, ciwon yana bayan giyabos.

Ka kuma saurari irinta, domin jiki magayi. Taya mai lamba 265/65 R17 tana juyawa kusan sau 11 a daƙiƙa in ana gudun 100, don haka jijjigarta kaɗawa ce da kusan za ka iya ƙirgawa, ka ga sitiyari na rawa a hannunka. Furofela kuwa tana ninka juyin taya kusan sau huɗu, saboda haka tata zirrr ce mai laushi da gurnani, a ƙarƙashin kujera da tafin ƙafa, har madubin ciki ya dushe ka kasa gane motar da ke bayanka. Wadda ke kaɗa gaban mota hagu da dama da an ba ta wuta, ta joyin na ciki ce. Wadda ke zuwa daga tashi, tsakanin 15 da 40, kamar ana dukan ƙasan mota da taɓarya sannan ta wuce, ta senta boris ce ko karkatar furofela.

Mai otomatik yana da ƙarin gwaji guda. In a tsakanin 50 da 80, da ƙafa mara nauyi, kana jin kamar ka hau gargada alhali titi sumul yake, riƙe totur yadda yake ka ɗan shafi birki da ƙafar hagu, iya yadda fitilar birki za ta kama. In abin ya ɗauke nan take, kulocin da ke cikin tok-kanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos a otomatik, shi ne ke zamewa, kuma man giya za a fara dubawa. Mai giyar hannu kuma, in karkarwar ba ta zuwa sai lokacin da yake sakin kuloci, da ya gama saki ta tafi, to faifan kuloci ne.

3. Gwajin tsaye: inji da sitinsa

Mota a firi, ja hambirki. Daga sulo ɗaga wuta sannu a hankali har allura ta kai inda aka rubuta a hanya. In jijjigar ta bayyana alhali ba taya ɗaya da ke motsi, ka huta da shiga ƙarƙashi.

Sai dai inji mai ɓata wuta yakan yi lafiya a tsaye, sai an ɗora masa nauyi ya fara shaƙewa yana fizga. In fitilar inji tana ƙiftawa a lokacin, kai ta a sa mata kwamfuta. A mai fetur fulogi ne ko kwayil, a mai gas nozul ko matatar mai, musamman in ka saba shan na bumburutu.

Yanzu siti. Buɗe bonet, sa waigi gaba da baya, taka birki da ƙarfi, sa D ka ɗan ba ta wuta na daƙiƙa biyu ko uku, sannan R. Inji mai lafiyayyen siti zai ɗan karkata ya tsaya. Wanda robarsa ta tsage zai yi tsalle ya dawo da ƙara gwaf. Mai kallo ya tsaya a gefen mota, kada ya tsaya a gabanta ko bayanta ko da wasa. Kada kuma a wuce 'yan daƙiƙun nan, man giya na saurin zafi. Kada a manta da sitin giyabos da ke ƙasa, shi aka fi mantawa. Duba salansa ma, in robar da ke rataye da ita ta tsinke takan jingina da shasi duk lokacin da inji ya karkata.

4. Tayu

Ba kasafai taya ke kawo jijjigar da ke bin totur ba, amma cire ta daga zargi ba ya cin kuɗi. Auna iska, ɗaure notuna, kankare busasshen taɓon da ya maƙale a cikin rim, shafa tayar da hannu ko akwai ƙari.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai jan ƙafa huɗu kullum shi ne girman tayu ya zo ɗaya. Lamba ɗaya a jiki ba ta isa ba, in biyu sababbi ne biyu sun suɗe. Yi wa kowace taya alama da alli a daidai inda ta taɓa ƙasa, tura motar miƙe har ɗaya ta yi juyi goma, ka duba sauran. In wata alamar ta yi nisa da 'yan'uwanta, ogzilari na shan wahala kullum, kuma yana iya zama tushen abin.

5. Furofela

A Hilux da 'yan'uwanta nan na fi samun ɓarawon, don haka a nan za mu daɗe.

Tsayar da mota a daidaitaccen wuri, waigi gaba da baya, ja hambirki, sannan ka sa giya a firi. Dole ne a firi, domin in akwai nauyi a kan furofela za ta yi tsam ko da kuros ya mutu, ka ce lafiya lau. Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka tokare ta da bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Ka kiyayi salansa in yanzu aka dawo daga hanya.

Amma kafin ƙarfe ya huce, kai bayan hannunka kusa da kowane kuros. Wanda ya fi sauran zafi shi ne ya bushe.

Riƙe bututun furofela da hannu ɗaya, filanjin (faifan ƙarfen da ake ɗaure kanta da notuna) da ɗayan, ka murɗa su saɓanin juna, sannan ka tura sama da ƙasa, hagu da dama. A cikin kuros ba a yarda da wasa ko kaɗan ba. Ka bambanta shi da ɗan juyin da furofela gaba ɗaya ke yi kafin haƙoran aksil su kama, wannan dama akwai shi. Haska kofuna huɗun nan ɗaya bayan ɗaya: jan gari a bakin roba, kofin da ya juya ya yi sheƙi a mazauninsa, kilif ɗin da ya fita, duk shaida ne. Wannan jan garin allurai ne na cikin kofi suka bushe suna niƙa kansu. Ruwan rafi ne ke wanke giris da damina, ƙurar hunturu ta zo ta ƙarasa.

Ga inda masu gyara da yawa ke faɗawa: kuros iri biyu yake mutuwa, ko ya yi sako-sako ko ya ƙage. Wanda ya ƙage ba ya wasa ko kaɗan, kuma shi ya fi kawo jijjiga da an taka totur, wani lokaci da 'yar tsuwa cik-cik-cik in ana tafiya a hankali. Ba za ka gane shi ba sai ka kwance notuna huɗun filanji ka sauke kan furofelar ka lanƙwasa shi da hannu ta fuska biyu. Ya tafi sumul. In yana tafiya yana cijewa, ko ɓangare ɗaya ya fi tauri, ya gama. Na Alhajin Daura sai da na sa gwiwa kafin ya motsa. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ja layi da fenti a kan filanji biyun don su koma yadda suke.

In furofelar mai gaɓa biyu ce, akwai senta boris a tsakiya cikin zoben roba. Tura ta sama da tafin hannu. Roba mai lafiya za ta ɗan ba da kai ta dawo, matacciya za ta bari ƙarfe ya daki ƙarfe, ko ka ga ta tsage ta zauna a ƙasa.

Sai wuyan furofela da ke shiga yana fita in mota na sukuwa. Girgiza shi a gicciye. In yana ƙwas-ƙwas haƙoransa sun ci. Nan kuma za ka duba abin da ake yawan ɓatawa bayan aikin kuloci: kunnuwan da ke riƙe da kuros na wannan kai da na wancan kai su kasance a layi ɗaya. Dalili kuwa, kuros in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane juyi, na ɗaya kan ne ke warware wannan. In aka zare wuyan aka mayar da shi da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu, maimakon su warware wa juna sai su haɗu su yi ta kaɗa mota. Wasu furofelu masu gaɓa biyu daga kamfani aka karkata nasu, don haka alamar kamfani ko ta fenti ita ce abin bi.

Bi bututun da tocila daga kai zuwa kai. Nemi lotsawa, da igiya ko waya ko leda da ta naɗe, da kuma gurbin ɗan ƙarfen balansin da aka liƙa da walda, in ya faɗi za ka ga tabo mai kusurwa huɗu. In kana zargin lanƙwasa, ɗaga ƙafafun baya a kan ƙarfen tokare, kafa alli dab da bututun, wani ya juya taya da hannu. In allin yana taɓa gefe ɗaya yana barin ɗaya a fili, ta tanƙware. Littattafan gyaran Toyota ba su yarda ta wuce milimita 0.8 ba, ka ga kuwa abin da ido ya gani ya riga ya wuce haka.

In ba ka ga komai ba, ba kowane kuros giris har sabo ya ɓullo ta kofuna huɗu, ka koma hanya. In jijjigar ta ragu ko ta sauya, ka kama shi, kuma giris ba magani ba ne, sauyawa za a yi. Gargaɗi: kada ka cika wuyan nan mai shiga da fita da giris har ya ƙi matsuwa, zai riƙa tura boris ɗin ogzilari. Matsa kaɗan ya isa.

Furofelar gaba ma a yi mata duk wannan.

6. Shaf ɗin gaba

Ga masu Highlander da RAV4 da RX, da wannan ya kamata su fara kafin furofela. Kowane shaf yana da joyin biyu. Na waje in ya mutu ƙwas-ƙwas yake yi a kwana, kowa ya san shi. Na ciki, wanda ke jikin giyabos, ba ya ƙara, jijjiga yake yi da an ba da wuta, shi ya sa ake wuce shi. Duba robarsa ko ta yage, ko giris ya fantsama a kewaye. Kama shaf ɗin dab da joyin ka ɗaga sama da ƙasa, ka gwada da na ɗaya gefen. Shiga da fita ɗabi'arsa ce, wasa a gicciye ne ciwo.

Mai Hilux da ke jin jijjiga a 2H kada ya ɓata kuɗi a nan, don a 2H ba ƙarfin inji ko kaɗan a kan shaf ɗin gaba. In sai a 4H take zuwa, to a duba su.

7. Tsayin mota da lodi

Muna son ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki buhunan taki da gero, wasu kuma su ɗaga ta don yashi. Duk wanda aka yi, karkatar furofela ta sauya. Da motar a kan ƙafafunta da irin lodin da ta saba, ɗora waya mai manhajar auna karkata a kan bututun, sannan a fuskar filanjin ogzilari da na aksil, ka fitar da kusurwar da kowane kuros ke aiki a kai. Abin da ake so kada ta wuce digiri 3, kuma ta gaba da ta baya kada su saɓa da fiye da digiri 1. Gyaran yakan zama sa 'yar shimfiɗar ƙarfe mai tudu a ƙarƙashin sifirin, ko sauko da senta boris kaɗan. In an taɓa kwance senta boris, tambaya ko akwai wasu 'yan shimfiɗun ƙarfe da ke tsakaninsa da shasi da aka yar.

Duba notunan yubol, wato ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksil, da bushin na sifirin. In sun saki, aksil na ɗaga hanci sama da an taka totur.

8. Cire furofela ɗaya a gwada

In har yanzu ba ka tabbatar ba, wannan gwajin shi ke raba gardama. A mai 2H da 4H, yi alama, cire furofelar baya gaba ɗaya, sa 4H, in tana da makullan hob a ƙafafun gaba ka kulle su, ka tafi a hankali da jan gaba kawai. In jijjigar ta tafi, tana cikin abin da ka cire ko aksil ɗin baya. A Prado da manyan Land Cruiser sai ka danna maɓallin kulle tsakiya, in ba haka ba motar ba za ta motsa ba.

Gargaɗi uku, kuma duk masu nauyi ne. Da ka cire furofela, P da giya ba su riƙe mota, waigi da hambirki kaɗai suka rage, mutane sun rasa rai a kan wannan. Na biyu, in furofelar zurawa take cikin ogzilari ba filanji ba, mai zai zubo in ka zare ta. Na uku, kada ka yi wannan gwajin a Highlander da RX da makamantansu, wasunsu abin da ke raba ƙarfi a tsakiya yana ƙonewa. Gwaji ne na 'yan kilomitoci da ƙafa mara nauyi, ba a tafiya Kano a haka.

9. Cikin aksil da ogzilari

Sai an zo nan ake maganar manyan kaya. Tun furofela na ƙasa, kama filanjin aksil da na ogzilari ka girgiza sama da ƙasa, ciki da waje. Kada su motsa. In suna motsi, ga kuma yoyon mai a bakin sil, boris ɗin ciki ya tafi. Gargaɗi: kada ka bari a ɗaure babban notin filanjin aksil da dogon bututu wai don wasan ya tafi. Da awo ake ɗaure shi, in ya zarce boris zai ƙone cikin 'yan kwanaki.

Sauke mai ka karanta shi, amma fara kwance notin zuba sabon mai kafin na tsiyayewa, kada ka zubar ka kasa mayarwa. Laushin baƙin gari a kan maganaɗisun noti ba komai ba ne. Ɓarɓashin da kake ji a yatsa, ko mai da ya koma kamar koko, alamar haƙori ya ci ne ko ruwa ya shiga. Ogzilari mai sarƙa in ta saki, za ka ji ɓas-ɓas a 4H da ka taka da ƙarfi. A zuba irin man da littafin motar ya ce, musamman a otomatik, inda man da ba nasa ba kaɗai ya isa ya kawo karkarwa.

10. Saye, ɗaurawa da kuɗi

Farashi yana bin dala, amma jerin tsadar ba ya sauyawa. Giris da kilif da noti su ne ƙasa. Sai kuros, sai senta boris da siti, sai shaf ɗin gaba, sai furofela sukutum, can sama kuma aikin aksil da ogzilari da giyabos. Duk wanda ya fara maka da na sama bai hau motar ba, bai shiga ƙarƙashinta ba, ɗauki makullinka. Ka yi cinikin kuɗin bincike daban da na gyara, ka biya shi da daɗin rai, don awa biyun da bakanike ya yi yana nema su ne ke tsare maka manyan kuɗi.

Tafi kasuwa da tsohon kuros a hannu, a auna faɗin kofi da tsawonsa, don Hilux kanta ba iri ɗaya take sawa ba. In babu mai kyau a gari, gara ka jira a kawo daga Ƙofar Ruwa a Kano da ka sa na banza, araha ba ta ado. Sabon shaf mai arha yakan zo da tasa jijjigar tun daga kwali, shi ya sa na fi son na Beljiyam na asali mai lafiyayyar roba. Furofelar Beljiyam kuma a lanƙwasa kowane kuros nata a gaban mai shago kafin a biya. Ta RAV4 da Highlander yawanci kuros ɗinta a dunƙule yake ba kilif, sai an sauya ta duka ko a kai wa mai injin da ya san aikin. Furofelar da aka yanke aka yi wa walda a bakin titi ba tare da balansin ba, ba za ta daina kaɗawa ba.

Wajen ɗaurawa, da matsi ake shigar da kofi, ba da dukan guduma a kan bututu ba. A lura kada allura ɗaya ta kwanta a gindin kofi. Alamarta ita ce kilif ya ƙi shiga, kuma in aka tilasta shi sabon kuros ya mutu tun bai fita gareji ba. Bayan an sa kilif, a ɗan ƙwanƙwasa kunnuwan don ya saki jiki, a gwada shi da hannu, a ba shi giris, a mayar da layin fenti kan layin fenti.

Abu ɗaya ake sauyawa a koma hanya, ba uku a lokaci guda ba. Koma wannan titin dai, da wannan lodin, da takardar nan a hannun na biyunka, ka ratsa malejin da aka rubuta da ƙafa mai nauyi da mara nauyi. Bayan tafiyar kamar zuwa Daura da dawowa, sake shiga ƙarƙashi da sifana mai lamba 14 ka bi notunan filanji ɗaya bayan ɗaya, ka kuma kai hannu kusa da sabon kuros ka ji ko ɗuminsa ya zo ɗaya da na sauran.